TAURIN BAYAN GIDA GA MAI JUNA BIYU: KADA YA RABA KI DA MAGANIN ƘARIN JINI

  A wannan fitowar za mu tattauna a kan wata larura da yawancin masu ciki suka sani, amma kunya take hana su faɗa, wato taurin bayan gida, ko bushewar ciki, ko abin da wasu ke cewa ciki ya ɗaure.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne wata baiwar Allah da ta zo awo tana cikin wata na takwas. Da na duba ƙasan idonta da tafin hannunta sai na ga sun yi fari fat, ga haki tana yi daga ɗan tattakin da ta yi zuwa kan gadon awo. Na tambaye ta ko tana shan maganin ƙarin jininta, ta ce tana sha. Sai da layi ya ragu muka keɓe, sannan ta buɗe jaka ta nuna mini ƙullin magungunan wata uku, ko ɗaya ba ta taɓa ba. Ta ce tun da ta fara sha take yin kwana huɗu ko biyar ba ta zaga ba, in ta shiga makewayi kuwa sai ta yi kuka, shi ya sa ta ajiye su. Ba ta gaya wa kowa ba. Wannan baiwar Allah sai da aka kwantar da ita aka yi mata ƙarin jini kafin haihuwa.

To 'yar'uwa, taurin bayan gida shi kaɗai ba ya taɓa lafiyar ɗan da ke cikinki. Abin da muke tsoro shi ne matakin da mace take ɗauka a ɓoye don ta samu sauƙi: ko ta daina shan maganin ƙarin jini, ko ta sha wani jiƙo mai wanke ciki. Duka biyun suna da haɗari, alhali mafi yawan maganin larurar yana cikin tukunyarki da randar ruwanki.

YAUSHE AKE CEWA CIKI YA ƊAURE?

Ba dole ba ne mutum ya zaga kullum. Wata takan zaga sau biyu a rana, wata sau ɗaya a kwana biyu, kuma duk lafiya ne matuƙar yana fita cikin sauƙi. Mu a asibiti muna cewa ciki ya ɗaure idan kina zagawa ƙasa da sau 3 a mako, ko bahayar tana fita da tauri guda-guda kamar ta akuya, ko sai kin yi nishi mai yawa, ko kuma ki tashi kina jin kamar ba ki gama ba. Sau da yawa akan haɗa da kumburin ciki, da yawan iska, da rashin son abinci. Larura ce mai yawa ƙwarai, domin takan sami har kusan mata 4 cikin 10 a wani lokaci na goyon cikinsu. Saboda haka ba ke kaɗai ba ce, kuma ungozomar da za ki gaya wa ta ji irin wannan magana sau ba adadi.

ME YAKE KAWO SHI?

Da zarar ciki ya shiga, jikinki yana ƙara yawan wani sinadari da ake kira furojestaron. Aikinsa shi ne ya sassauta naman mahaifa don kada ta riƙa murɗawa kafin lokaci. Sai dai ba mahaifa kaɗai yake sassautawa ba, har da hanji. Hanji kuwa da motsi yake tura abinci gaba, to idan ya yi sanyi sai abincin ya daɗe a hanya. Babban hanji aikinsa tsotse ruwa daga ragowar abinci, gwargwadon daɗewar ragowar a cikinsa gwargwadon bushewarta. Shi ya sa wata take fara fama tun cikin yana wata biyu ko uku, tun bai fito ba. Idan ciki ya tsufa kuma, nauyin mahaifa yana danne hanji, ga jiki ya yi nauyi, zama da kwanciya sun fi yawa.

Akwai kuma laulayi. Mai amai tana rasa ruwa, ba ta iya cin abin kirki, wata ma sai shayi da burodi ko biskit kaɗai ke zama a cikinta.

Sai magunguna. Ƙwayar ƙarin jini ita ce ta fi suna wajen ɗaure ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Ƙwayar kalsiyam, da wasu magungunan ƙwannafi, da wasu na tsayar da amai, da magungunan ciwo masu ƙarfi irin su kodin da tiramadol, duk suna iya kawo shi.

Abu na ƙarshe, wanda ba a cika faɗa mana ba sai mun tambaya, shi ne kwaɗayin cin farar ƙasa, ko ƙasar gini, ko gawayi. Ƙasa tana cushe hanji, tana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini, kuma tana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki. Yawancin lokaci wannan kwaɗayi kansa alama ce ta ƙarancin jini. Idan kina yi, ki faɗa mana, ba za mu yi miki faɗa ba, jininki za mu auna.

MAGANIN ƘARIN JINI BA ABIN AJIYEWA BA NE

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kimanin mata masu ciki 6 cikin 10 a Najeriya suna da ƙarancin jini. A ƙa'idojin awon ciki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, an ce kowace mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe, wato ayon, tare da folik asid, kowace rana. Dalili shi ne babu macen da take haihuwa ba ta zubar da jini ba. Wadda ta shiga naƙuda da isasshen jini takan jure abin da ta zubar. Wadda ta shiga da ƙarancinsa kuwa, zubar da wata za ta tashi ta yi wanka bayanta, ita sai ta kai ta ga halaka. Ƙarancin jini kuma yana sa a haifi yaro ƙarami ko bakwaini.

Don haka idan ƙwayar tana ɗaure miki ciki, ga abin da za ki yi. Ki sha ta bayan kin ci abinci, ko da dare kafin ki kwanta, da ruwa kofi guda cikakke. Kada ki haɗiye ta da shayi ko madara, domin suna rage yadda jiki yake ɗaukarta. Lemon zaƙi ko gwaiba sun fi dacewa da ita, suna taimaka wa jiki ya karɓe ta. Idan an ba ki ƙwayar kalsiyam ko maganin ƙwannafi, ki raba su da ita da kamar awa 2. Idan kin ga bahayarki ta yi baƙi ko kore-kore, kada ki tsorata, aikin maganin ne. In duk kin yi waɗannan abin bai yi sauƙi ba, ki dawo ki faɗa. Likita yana iya canza miki wani iri, ko ya gyara yawan da kike sha, ko a ba ki ta jijiya idan akwai buƙata. Wannan hukunci nasa ne, bayan ya ga sakamakon gwajin jininki.

ABINCI MAI HARZA

A nan ne mafi yawan aikin yake. Harza, wadda wasu ke kira faiba, ita ce ɓangaren abincin tsiro da ciki ba ya narkarwa: dusar hatsi, da bawon wake, da zare-zaren ganye da 'ya'yan itace. Tana riƙe ruwa kamar soso, sai bahaya ta yi laushi ta yi auki, hanji ya samu abin turawa. Ana so mai ciki ta samu giram 25 zuwa 30 na harza a rana. Na san babu mai sikeli a madafi, amma ga misali don ki gane bambanci. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da kimanin giram 11. Kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa bai kai giram 1 ba. Lemon zaƙi guda matsakaici yana da kamar giram 3, idan kin cinye shi da totuwarsa, ba ki tsotse ruwan kin yar da sauran ba.

Kin ga ke nan matsalar cimarmu ta birni. Da safe shayi da farin burodi, da rana farar shinkafa da mai da yaji, da dare taliya ko tuwon semo. Duk an cire musu dusa tun daga kamfani. Mace za ta ƙoshi sarai, amma hanjinta bai samu abin aiki ba. Kakanninmu da suke cin tuwon dawa da miyar kuka, su sha fura, su ci ɗanyar rama da zogale a kwaɗo, sun fi mu samun harza nesa ba kusa ba.

Mu fara da hatsi. Gero da dawa da masara da alkama duk suna da harza, amma a dusar take. Idan aka surfa hatsi aka sheƙe, aka wanke har ya yi fari tas, an ba awaki mafi amfaninsa. Ki rage surfen, ko ki kai niƙa ba tare da an surfa ba bayan an tsince an wanke shi da kyau. Tuwon alkama da aka niƙa da bawonta, da dambu, da fate, da kunun gero wanda ba a tace shi ya zama ruwa zalla ba, duk sun fi tuwon semo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a waɗancan ƙa'idoji na 2016, ta ambaci dusar alkama a matsayin abin da mai ciki za ta iya ƙarawa idan gyaran abinci bai wadatar ba. Cokali ɗaya ko biyu a cikin kunu ya isa, amma ta zama dusa mai tsafta ta alkamar da kika wanke da kanki, ba wadda ake sayarwa don dabbobi ba.

Sai wake, wanda a ganina shi ne sarki a wannan fage, ga shi kuma yana da sinadarin gina jiki da na ƙarin jini. Wake da shinkafa, faten wake, wake da dankali, duk suna da kyau, amma ki bari waken ya fi shinkafar yawa ko su zo daidai. Ƙosai da alale suna gina jiki, sai dai da yake ana cire bawon waken kafin a markaɗa, harzarsu ta ragu. Mata da yawa sukan ce mini wake yana kumbura musu ciki. Gaskiya ne. Ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan jiƙon, ki dafa shi ya yi luguf, ki kuma fara da kaɗan. Jiƙawar tana sa ya nuna da wuri ba sai kin zuba kanwa ba. Gurjiya da gyaɗa da aya su ma suna taimakawa. Amma aya a tauna ta a haɗiye, domin kunun aya da aka tace an zubar da tuƙar, harzar ta tafi tare da ita.

Wajen miya kuwa Allah ya hore mana. Kuka, kuɓewa ɗanya ko busasshiya, karkashi, lalo, duk miyar yauƙi tana taimakawa, saboda yauƙin nan kansa wani nau'in harza ne mai riƙe ruwa. Ga alayyahu, da rama, da yakuwa, da kabewa a miyar taushe. Ganyen zogale a kwaɗo ko a dambu abinci ne mai kyau ga mai ciki. Ganyen nake nufi. Saiwar zogale da sassaƙensa ba na mai ciki ba ne, ki nisance su. Abin da nake roƙo shi ne miya ta zama miya, a zuba ta da yawa, ba a ɗiga cokali biyu a gefen malmala uku ba.

'Ya'yan itace a ci na lokacinsu, su ne masu araha. Mangwaro da bazara, gwaiba, lemo, kankana, abarba, da gwanda nunanniya. Na ce nunanniya domin ɗanyar gwanda tana da wani farin ƙaro da ba a so mai ciki ta ci. Dabino ƙwaya 3 zuwa 5, a ci haka ko a jiƙa a ruwa tun dare a sha da safe, yana sassauta ciki. Tsamiya ma tana da wannan hali, don haka kunun tsamiya abin sha ne mai kyau, in ba ki da ƙwannafi mai tsanani. Karas da gurji da kabeji a wanke su sosai da ruwa mai tsafta kafin a ci ɗanye, kada garin gyaran ciki a ɗauko zawo ko taifod.

A nan sai na tsaya kan maganar zaƙi. Na sha jin iyaye suna hana mai ciki lemo da mangwaro da dabino, wai za su tara mata zaƙi ya hana ta haihuwa da wuri. Iya, da girmamawa nake faɗa, 'ya'yan itace ba sa tare hanyar haihuwa, ba sa tsawaita naƙuda. Wadda za ta yi taka-tsantsan da kayan zaƙi ita ce wadda gwaji ya nuna tana da ciwon suga, ko tun da can ko na goyon ciki. Ita wannan ta bi tsarin abincin da aka ba ta a asibiti, ta tambaya kafin ta ƙara dabino ko mangwaro. Abin da ya kamata kowa ta rage shi ne lemon kwalba, da alewa, da cincin, da kayan fulawa, waɗanda ba su da harzar kirki.

Gargaɗi ɗaya: kada ki karanta wannan yau, gobe ki cika cikinki da wake da dusa da zogale a lokaci guda. Za ki kwana da kumburi da murɗar ciki, ki ce ungozoma ta cuce ki. Ki ƙara sannu a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kuma ki rarraba abincin, ki ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, ya fi ki cika ciki sau biyu.

RUWA

Harza ba tare da ruwa ba ƙara cushe ciki take yi. Ana so ki sha lita 2 zuwa 3 a rana, wato kamar leda 4 zuwa 6 na ruwan leda mai rabin lita. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, kina buƙatar fiye da haka saboda gumi. Da hunturu kuma ƙishirwa ba ta damun mutum, sai a wuni ba a sha ba, don haka ki cika gora ki ajiye a inda idonki zai riƙa ganinta. Fitsarinki zai nuna miki: idan ya yi haske to ruwan ya isa, idan ya yi duhu da ƙarfin wari to ki ƙara. Sai dai wasu ƙwayoyin bitamin suna rina fitsari ya yi rawaya sosai, wannan daban ne.

Wasu sukan rage shan ruwa don gudun yawan fitsari, ko don ƙafarsu ta kumbura. Rage ruwa ba ya sauke kumburin ƙafa, yana dai jawo ciwon sanyin mafitsara a kan taurin bayan gidan. Idan tashin dare ne ke damunki, ki sha mafi yawan ruwanki tun daga safe zuwa la'asar. Wadda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda, ita ta tsaya a kan abin da ya faɗa mata. Mai niyyar yin azumi da ciki kuma ta fara zuwa a duba ta tukuna.

Kofi ɗaya na ruwan ɗumi da sassafe kafin karin kumallo yana tayar da hanji ga mata da yawa. Ba shi da tsada, ba shi da illa, ki gwada.

MOTSA JIKI DA ZAMAN MAKEWAYI

Tafiya a ƙasa ta minti 30 a rana, kwana biyar a mako, tana motsa hanji. Ba sai kin fita unguwa ba. Zagaya tsakar gida minti goma bayan kowane cin abinci ya wadatar. Banda wadda aka ce ta huta saboda zubar jini, ko hawan jini, ko mabiyiya ta sauko ƙasa, ko barazanar haihuwa kafin lokaci.

Hanji ya fi motsi bayan an ci abinci, musamman karin safe. Ki ba kanki lokaci a sannan, ko da minti biyar zuwa goma ne, ba tare da gaggawa ba. Kuma duk lokacin da kika ji bahaya, ki tashi. Mata mun iya dannewa: ana girki, ko akwai baƙi, ko makewayin na haya ne akwai layi, ko ana jin kunyar suruki yana zaune a tsakar gida. Duk wadda kika danne tana komawa ta ƙara bushewa, in aka saba kuma sai jin ya riƙa raguwa.

Tsuguno ya fi zama sauƙin fitar da bahaya, don haka mai masai na tsuguno ba ta yi asara ba, ta dai samu abin dafawa idan ciki ya tsufa. Mai na zama kuma ta sa 'yar ƙaramar kujera ta taka, yadda gwiwoyinta za su ɗara ƙugunta tsawo, ta ɗan sunkuya gaba, ta saki cikinta tana numfashi a hankali. Kada ki riƙe numfashi kina nishi da ƙarfi. In bai zo ba ki tashi, ki sake gwadawa an jima. Nishi ba ya zubar da ciki mai lafiya, wannan ki kwantar da hankalinki, amma shi ne yake kumbura jijiyoyin dubura ya kawo basir mai tsiro, ko ya tsaga fatar wurin ki riƙa jin zafi kamar an yanka ki da reza.

ABUBUWAN DA BA ZA KI SHA BA

Kasancewar abu ganye ne ko saiwa ba ya nufin ba shi da illa. Filasko da sanamaki suna wanke ciki ta hanyar murɗa hanji da ƙarfi, kuma a jiƙon gida babu wanda ya san adadin da ya sha. Mai ciki tana iya yin zawo har ruwan jikinta ya ƙare. Man zurma, wato man kasto, yana iya tayar da ciwon mara irin na naƙuda kafin lokaci. Ruwan alobera na sha shi ma a bar shi. Haka jiƙon kanwa, domin gishirin da ke cikinta yana da yawa, ba ya yi wa mai hawan jini ko kumburi kyau. Sai magungunan basir da na wankin ciki da na zaƙi da ake tallarsu a mota da lasifika, ko a jarka a bakin tasha, ko a waya. Ba ki san abin da aka haɗa a ciki ba, mu ma in kin zo da matsala ba mu san abin da za mu karya ba.

Na kemis ma kada ki saya da kanki. Man farafin na sha, alal misali, yana hana jiki ɗaukar wasu bitamin. Idan kin yi mako ɗaya zuwa biyu kina gyara abinci da ruwa babu canji, akwai magungunan da likita yake rubuta wa masu ciki ba tare da fargaba ba, kamar garin harza da ake damawa a ruwa, da ruwan laktulos, da ɗan matsin gilisarin da ake sawa ta dubura. Laktulos yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya fara aiki, don haka kada ki ninka shi don ba ki ga sakamako a daren farko ba.

MAIGIDA, GA NAKA

Duk abin da na lissafa ba zai yiwu ba sai da hannunka, tunda kai ne mai cefane. Kuɗin lemon kwalba biyu zai sayi lemon zaƙi ko ƙullin zogale da alayyahu. Mudun wake ya fi katan ɗin taliya amfani a gare ta yanzu. Ka tabbata akwai ruwa mai tsafta a gida, a kuma gyara makewayi ya zama da haske da abin dafawa, ba mai santsi ba. Ka riƙa tambayarta ko ta sha maganinta, ka duba ƙullin da idonka ka ga yana raguwa.

ALAMOMIN DA BA A JIRA DA SU

Ki zo asibiti a ranar, ba sai ranar awonki ba, idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon ciki mai tsanani, ko ciki ya kumbura ga amai kuma ko iska ba ta fita, jini mai yawa a bahaya, ko jinin da ba ki tabbatar ta gaba ya fito ko ta baya ba, zazzaɓi, tsiron basir da ya fito ya ƙi komawa yana zafi, fitsari ya ƙi fita, ko kin yi kwana biyar ba ki zaga ba duk da ƙoƙarin da kike yi. Ko ɗan jini kaɗan ne kike gani lokacin tsarki, ki ambata a awo a duba.

Wannan kuma ki riƙe shi da kyau, musamman mai cikin fari. Idan cikinki ya tsufa, sai kika ji ciwon mara ko na baya yana zuwa yana tafiya, tare da jin kamar bahaya ta matse ki, kada ki tafi masai ki tsuguna kina nishi. Kan yaro idan ya sauko yana danne dubura, jinsa ɗaya ne da jin bahaya. An sha kawo mana jariran da aka haifa a makewayi saboda wannan kuskure, kuma a masai mai rami abin yana iya zama asarar rai. Ki kira wani ya tsaya tare da ke, a ɗauko kayan haihuwa a taho.

BAYAN HAIHUWA

Larurar ba ta tafiya ranar da aka haihu. Mai jego takan yi kwana biyu ko uku kafin ta fara zagawa, wannan ba abin damuwa ba ne. Wadda aka yi wa ɗinki ko aka yi wa aiki takan ji tsoron kada ɗinkin ya farke, sai ta danne, abin ya ƙara tauri. Bahaya mai laushi ba ta farke ɗinki. Ki naɗe ƙyalle mai tsafta ko audugar mata ki tallafe wurin ɗinkin da hannu lokacin da kike zagawa, ki yi tsarki daga gaba zuwa baya. Ki tashi ki riƙa takawa da zarar an ba ki izini, ki ƙara ruwa saboda shayarwa, ki ci gaba da maganin ƙarin jinin da aka sallame ki da shi.

Abincin jego a gidajenmu yakan zama gasasshen nama da yaji da tuwo, ganye kuwa babu. A ƙara mata miyar ganye da wake da 'ya'yan itace, ba sa ɓata nono. Game da kunun kanwa, tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna alaƙar yawan shansa, tare da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon wuta, da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. A dama mata kunun gero ko na tsamiya ko na gyaɗa, a bar kanwar. Idan kwana huɗu suka wuce bayan haihuwa ba ta zaga ba, ko tana jin zafi mai yawa a wurin ɗinki, a dawo da ita sashen masu jego tare da katinta.